Ranar da Na Wanke Motar Bature da Toka

"Hajara, me kika yi wa motar nan?" in ji maigidana, hannu biyu a ka.

Zamanin Turawa ne, ina amarya. Shi direban wani Bature ne, sun zo rangadi Batsari. Na ga motar ta yi butu-butu, na ɗauko toka da soso na dirje ta kamar tukunya. Fenti duk ya kakkarce.

Wuni maigidana ya yi yana lallaɓa ta da mai da lallausan tsumma, yana tsoron kora.

Baturen ya duba ya ce, "Ƙaya ce?"

Maigidana ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe. Ƙayar Batsari, har tuwo take tuƙawa."

Baturen bai gane ba, aiki ya tsira.

Wa ya taɓa yin ɓarna garin gwaninta? Ku ba mu labari.