Rabin Askin Maharazu

Maharazu wanzami ne ɗan wanzami, a unguwar Madabo cikin birni. A shekarar da soja suka sauka suka ba farar hula mulki yana da hamsin da uku a duniya, kusan arba'in daga ciki da zabira rataye a kafaɗa ya yi su. Ba shi da shago. Gidaje yake bi, gidajen da ubansa ya bi: ya yi wa maigida aski a soro, ya kafa wa tsoho ƙaho, ya yi wa yara kaciya lokacin sanyi, ya aske jariri ranar suna. Wanzamai mutane ne masu baki, shi kuwa ba shi da shi. Zai aske ka tas bai ce maka komai ba sai "juya" da "an gama". Hannunsa aka sani. Ba a taɓa jin wani ya tashi daga gabansa da jini a kai ba.

A sana'arsu gida gado ne. Yaron da askarka ta fara taɓa kansa naka ne, kai za ka yi masa kaciya, kai za ka aske shi har ya yi iyali ka aske 'ya'yansa. In ka bari wata aska ta shiga gida ranar suna, ka fita ke nan. Ba mai korarka, sai dai a daina aiko maka. Samari dama masu askin inji sun daɗe da kwashe su. Abin da ya rage wa Maharazu tsofaffi ne da jarirai, gida goma sha biyu, kuma babba a cikinsu gidan Alhaji Isyaku ne na Shahuci, wanda dangin gidan kaɗai sun kai rabin aikinsa.

A damunar wannan shekara barci ya bar shi. Da farko akwai dalili. Maƙwabcinsa Gambo ya ci kansila ya sayi janareta, ya jingina shi da bangon da Maharazu yake ajiye kai. Ya yi haƙuri mako uku, sannan ya je ya faɗa masa, Gambo kuwa bai yi gardama ba, ya sa aka mayar da injin bayan gida. Ƙara ta tafi. Barci bai dawo ba.

Ya sha rubutu. Matarsa Dije ta dama masa kunu mai zafi ta hana yaran gida motsi. Ya sa aka kafa masa ƙaho a ƙeya a ɓoye. Ya sayi wata farar ƙwaya a kemis, daren farko ta ba shi awa huɗu, na biyu awa biyu, na uku ta bar shi kwance ido buɗe da kai kamar an ɗora masa turmi. Asibiti ne bai je ba. Mutumin da ake kai wa ciwo, yaya za a gan shi a layi da kati a hannu? Da rana kuma goro yake ci don ya tsaya da ƙafarsa, goriya huɗu, biyar, ya san sarai shi ke ƙara hana shi da dare, amma ba shi da wata dabara.

Wanda bai taɓa yin aiki a haka ba bai sani ba. Ido kamar an zuba yashi. Maganar mutane tana zuwa daga nesa, kamar daga cikin rijiya. Ya tsaya salla ya rasa raka'a ta nawa yake. Ya koyi wasu dabaru: in zai zauna aski sai ya ajiye tsakuwa mai tsini ƙarƙashin idon sawunsa ya danne ta, zafin ya riƙe shi. Yana tauna kanumfari. Yana ƙirga jan aska a zuci, in ya ɓata lissafi ya san ya tafi, ya ciji leɓe ya dawo. Da haka ya yi ta lallaɓawa, ba wanda ya gane sai Dije.

Ranar wata Alhamis aka sa sunan ɗan Alhaji Isyaku. Shekara tara ana jiran yaron nan. A ranar Maharazu yana da kwana goma sha ɗaya bai yi abin da za a kira barci ba.

Da ya dawo daga masallaci da asuba ya zauna yana wasa aska, Dije ta tsaya a kansa da kofin shayi.

"Malam, ka ga hannunka kuwa?"

"Na gani."

"Jariri ne fa. Ba kan Malam Hambali ba ne da ko gatari ka sa ba zai ji ba."

"Na sani."

"To ka aika wa Mamman."

Mamman ɗan kawunsa ne, wanzami shi ma, taubashinsa tun suna yara. Shekara da shekaru yana zagaya gidan Alhaji Isyaku da gaisuwa.

"In na aika masa yau, gobe ki dafa mana me?" in ji Maharazu. Ya karɓi shayin ya shanye a tsaye, ya saɓa zabira.

Bai hau acaɓa ba, yana tsoron ya yi gyangyaɗi a baya ya faɗo. Ya bi lungu da ƙafa, yana tsallake kwatami, kafaɗarsa tana gogar bango. Takardun zaɓe da ruwan sama ya jiƙe suna nan manne har yanzu, fuskoki suna ta murmushi, shi kuwa gani yake suna motsi. Sau biyu ya tsaya ya dafa bango. A wata kwana ya wuce lungun da ya bi shekara arba'in, sai da ya ga wata ƙofa da bai sani ba ya juyo.

Ya tarar an raɗa suna, an yi addu'a, ana rabon goro da dabino a ƙofar gida. Mikail aka sa wa yaron. Mahauci ya riga ya kwantar da rago. Aka shigar da Maharazu soron ciki, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwan ɗumi a kwano da sabulu. Ya ajiye tsakuwarsa ya zauna ya ɗora idon sawunsa a kanta. Sai ga Hajiya 'Yardada, mahaifiyar Alhaji, da jaririn a naɗe cikin zane.

"Wanzam, ga angona. Ka gyara min shi, kada ka mayar da shi kamar ubansa, kai kamar goran nono."

"Ubana ne ya aske Alhaji, Hajiya, ba ni ba."

"Duk ku ne. Yau ma ba za ka yi mana hira ba ko?"

"Miƙo shi."

Ta ɗora masa shi a cinya ta zauna gefe. Ya gwada askar a gashin hannunsa, ta share tas. Ya jiƙa kan yaron, ya shafa sabulu, ya yi bismilla ya fara daga ƙeya. Gashin baƙi ne siɗik, mai laushi, yana bin aska ba gardama. Ɗaya, biyu, uku. Ya gama ƙeya ya hau gefen dama. Hajiya tana ta ba shi labarin ragon, yadda aka yi cinikinsa, yadda ya tunkuyi mai gadi.

Yaron bai yi kuka ba. Ya lafe a cinyarsa da ɗumi, yana ƙamshin nono da turaren wuta, yana numfashi a hankali. Soron da sanyin ƙasa, hayaniyar waje ta yi nisa. Abin da Maharazu ya roƙa kwana goma sha ɗaya, wanda rubutu bai kawo ba, ƙwaya ba ta kawo ba, a nan ya zo. Bai ji zuwansa ba.

Da ya dawo, Hajiya ba maganar rago take ba. Tana maganar ungozoma, kuma ta yi nisa a ciki. Ya duba cinyarsa. Askar tana kwance a tsakar kan yaron, a kan maɗiga, wurin nan mai laushi da ƙashi bai rufe ba. Wurin yana bugawa, yana ɗaga bakin askar yana saukewa. Bai san yaushe hannunsa ya kai can ba. Bai san minti nawa ya yi ba. Tsakuwar tana nan ƙarƙashin ƙafarsa, bai ji ta ba sam.

Ya ɗaga askar a hankali. Babu jini. Babu ko ƙwarzane. Hajiya ba ta lura ba, tana gyara ɗankwali. Saura gefen hagu da gaba, aikin minti biyar, ya yi shi sau dubu. In ya ƙarasa, ba wanda zai taɓa sani. Ya danna idon sawunsa a kan tsakuwar har ya ji fata ta fashe, ya sake kai askar kusa da kunnen yaron. Bakinta yana rawa. Ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, rawar ta koma duka biyun.

Ya goge askar a tsumma ya mayar da ita cikin zabira.

"Hajiya, karɓi shi."

"Har ka gama?" Ta leƙa. "Wannan wane irin aski ne, rabi da gashi rabi babu?"

"Ba zan iya ƙarasawa ba."

"Askar ce ta dakushe? Ɗauko wata mana."

"Askar lafiyarta lau. Ni ne. A kira min Alhaji."

Alhaji Isyaku ya shigo da babbar riga tana shan iska, yana dariyar wata magana da ya baro a waje. Ya ga kan ɗansa dariyar ta tsaya.

"Malam Maharazu, lafiya? Mata na jira a ciki, za a yi masa wanka a fito da shi."

"Alhaji, kwana goma sha ɗaya ban yi barci ba. Yanzu na yi, da aska a kan ɗanka."

Hajiya ta ƙanƙame yaron ta juya kansa wajen haske, ta bi shi da yatsa daga ƙeya har goshi, ta sake bi. Sai da ta gama ta ɗago.

"Ka san haka kake ka karɓe shi?"

"Na sani."

"Ubanka shekara hamsin yana shiga gidan nan."

"Ban zo kare kaina ba, Hajiya. Ku ba ni minti ashirin in kawo wanda zai ƙarasa."

Da kansa ya je. Ya sami Mamman a inda yake zama yanzu, bakin ofishin jam'iyya, yana yi wa wani gyaran fuska yana gaya masa wanda za a ba kwamishina.

"A'a, kurma ne da kansa? Yau rana daga ina ta fito? Ko aron sabulu ka zo, na san ku da rowa."

"Ɗauko zabirarka. Gidan Alhaji Isyaku."

"Gidan wa? Kai dai ka zo ka ja ni ka sa a kore ni da tsintsiya."

Maharazu ya miƙa masa hannunsa a buɗe. Mamman ya kalli yatsun suna kaɗawa, ya kalli idon, ya bar wasa. Ya share wa mutumin kumfa ya ce ya dawo da azahar.

A hanya ya ce, "In ka so na ƙarasa a ce hannunka ne ya yi ciwo. Kaciya in ta zo kai za ka yi."

"Na riga na faɗa musu abin da ya faru."

"Ka faɗa musu? Mutumin da bai yi magana ba shekara hamsin, yau da ya buɗe baki sai da ya yanka kansa."

Mamman ya ƙarasa askin cikin minti huɗu, yana yi wa yaron kirari yana tsokanar Hajiya har ta yi dariya ba ta so. Aikinsa da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Maharazu yana tsaye a bakin soro. Da aka zo fitar da kason wanzami daga naman suna, Hajiya ta dubi mai aikin gidan ta ce a kai gidan Mamman. Alhaji ya raka Maharazu har ƙofa, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ce ya je asibiti don Allah. Bai ce sai an aiko ba.

Ya koma Madabo rana tsaka. Dije ta ga jini a takalminsa ta ga babu nama a hannunsa. Ya sauke zabirar ya miƙa mata.

"Sa a akwatinki ki kulle. Makullin ki kai wa yayarki. Kada a ba ni sai na yi kwana uku a jere ina barci, ko na roƙa, ko na yi faɗa."

"Sauran gidajen fa?"

"Wanda zai jira ya jira."

Ta kulle. Ta ɗauki mayafi ta fita da makullin a ƙulle a bakin zane.

Washegari Juma'a, ranar askin Malam Hambali. Da hantsi ya aiko a tambaya ko lafiya bai ga wanzami ba. Maharazu yana kwance a ɗaki, fuska ga bango, ido buɗe. Ya ji Dije a tsakar gida tana cewa a gaya wa Malam ba zai samu zuwa ba. Aka tambaye ta sai yaushe. Ta ce ba ta sani ba.