Akwatin Ƙarfen Gaston

Gaston ba ya ba da aro, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Duk tashar motar Garwa an san shi da wannan hali. In ka ce ya ara maka sifana, ba zai ce ta ɓace ba, ba zai ce tana gida ba. Zai dube ka ido cikin ido ya ce, "Ina da ita. Ba zan ba ka ba." Sai ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Mutumin duwatsun Mayo-Oulo ne, Kirista, ɗan manoma. Ya sauko Garwa yana saurayi, ya yi dako a bakin Binuwai lokacin da jiragen ruwa ke zuwa da damina, daga baya ya koyi tuƙi a wurin wani Bature mai sayen auduga. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, a farkon mulkin Shugaba Ahidjo na Kamaru, sai ya sayar masa da Fijonsa. Tun a lokacin motar ta tsufa. Da ita Gaston ya ci abinci har ƙarshen ransa, yana kai 'yan kasuwa Kaele da Yagwa, ya dawo da buhunan shinkafa.

A but ɗin motar akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, makullinsa a wuyan Gaston tare da gicciyensa. Ciki akwai sifanoni da filaya da sukundireba, da filogi, da kwan fitila, da faci da gam, da waya, da sabulun wanki don toshe tankin mai in dutse ya huda shi. Jak da famfo da jarkar ruwa suna gefe, ɗaure da sarƙa. Sabon fanbel kuwa, bel ɗin da ke juya fankar injin, shi ne ɗan lelen akwatin. Kowane abu Gaston yakan naɗe shi a takardar siminti, ya ɗaure da zaren roba. Kafin ya kama hanya sai ya buɗe akwatin, ya latsa kowane ƙunshi da yatsa. Ba ya kwancewa. Shi ya ɗaura, makulli na wuyansa, me zai duba?

A hanyar nan, in direba ya ga an jera ganye a kan titi, ya san motar wani ɗan'uwa ta lalace, ba a wucewa sai an tsaya. Gaston yana tsayawa. Yana gaisuwa har da tambayar iyali. Abin da ba ya yi shi ne buɗe but. Wata damina ya tarar da Bukar, wani Babarbare mai a-kori-kura, tayarsa ta fashe a bakin rafi, jak ɗinsa ya karye, mata da yara na tsaye a ruwan sama. Bukar ya roƙi jak. Gaston ya ce, "Da ka fito da biyu." Ya tada motarsa ya yi gaba.

Matarsa Pauline 'yar Kaele ce. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa, da Hausa suka yi aure, da Hausa suke faɗa. Tana da ƙane, Léon, wanda shi ma ya sami wata akwalar mota yana fama da ita. Gaston ya taɓa ce masa, a gaban yayarsa, ko allura ba zai ba shi ba.

Wata bazara, da safe, wani direba ya shigo gidan da saƙo: tsohuwar Pauline ta daina cin abinci, tana ta kiran sunanta, in tana son ta same ta da rai ta taso yanzu. Gaston bai yi gardama ba. Ya sallami fasinjojin ranar, ya latsa ƙunsassa kamar kullum, suka hau hanya su biyu.

Sun wuce Figil, rana ta take, sai aka ji wani abu ya yi tas a gaba. Kafin ya tsaya tururi ya fara fita ta gefen bonet. Fanbel ya tsinke. Gaston ko a jikinsa.

"Zauna, Uwar Yvette. Don irin wannan rana nake hana mutane."

Ya buɗe akwati, ya tsinke zaren roba, ya warware takardar. Abin da ke ciki tsohon fanbel ne, ya bushe, duk ya tsattsage, an naɗe shi da kyau. Ya lanƙwasa shi, ya karye a hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga kai.

"Ni ce," in ji Pauline. "Kana wanka na ɗauki makulli. Léon ne ya maƙale, ya ce kafin mako zai mayar da sabo."

"Yaushe?"

"Tun Kirsimeti."

Gaston bai zage ta ba. Ya karyo ganye ya jera a titi. Manyan motocin auduga suka tsaya, nasu fanbel ɗin ya fi ƙarfin Fijo, suka yi jaje suka wuce zuwa Garwa. Can sai ga a-kori-kura ta taho daga wajen Kaele. Bukar ne. Ya sauko yana gyara hula, ya leƙa injin, ya ga takardar siminti a ƙasa, ya yi dariya har da tafi.

"A'a, ɗan dutse! Kai ne da ganye a titi? Ina akwatin? Ko shi ma ya ƙi ba ka aro?"

"Sannu da hanya," in ji Gaston.

"Yawwa. Ya iyali? Ka ga ni ma na iya gaisuwar."

Ya koma motarsa ya zaro fanbel sabo ful daga bayan kujera. Injinsu iri ɗaya ne, kowa ya sani. Ya rataya shi a yatsa yana lilo da shi.

Pauline ta durƙusa a kan tsakuwa. "Malam Bukar, don Allah. Uwata ce take mutuwa."

"Tashi, Madam, ba da ke nake ba. Ba sayarwa zan yi ba, aro zan bayar. Ya buɗe baki kawai ya ce: Bukar, ara mini. Shi ke nan. Ni da kaina zan ɗaura."

Gaston ya ji maganar ta zo masa har baki. Ba ta da tsawo. Amma ya hango tashar Garwa gobe, Bukar a kan benci yana kwaikwayon muryarsa, kowane direba yana miƙo hannu yana cewa, ai kai ma an ara maka. Ya dubi matarsa a durƙushe. Wa ya ja musu wannan in ba ita da ƙanenta ba?

"Ban taɓa ba wani ba," ya ce. "Ban taɓa karɓa ba."

"Baban Yvette!"

"Tashi daga ƙasa."

Bukar ya tsaya ya jira, har murmushin ya bar fuskarsa. Sannan ya tofar da yawu, ya jefa fanbel ɗin cikin motarsa, ya ce da Pauline Allah Ya ba tsohuwa lafiya, ya nufi Garwa.

Gaston ya kwance igiyar da ake ɗaure kaya, ya tufka ta, ya ƙulla a madadin fanbel. Ta yi aiki, irin nata aikin. In an ɗan yi tafiya sai ta saki, lagireto ya tafasa, a tsaya a jira ya huce, a zuba ruwa, a sake ƙullawa. Jarka ta ƙare, ya bi rijiyoyin ƙauye.

Rana ta yi ja suka shiga Kaele. Tun daga bakin unguwa suka jiyo kukan mata. Wata maƙwabciya ta ce bayan la'asar ran ya fita, kuma har ƙarshe idon tsohuwar na kan ƙofa. Pauline ta sauka ba ta rufe motar ba.

Bayan makoki ta koma Garwa a motar haya. Ta ci gaba da dafa masa abinci, ta wanke masa kaya, amma ba ta sake sa ƙafa a Fijon nan ba, ko zuwa coci. Shi kuwa Gaston bai taɓa ganin laifinsa ba. Duk wanda ya tada zancen sai ya ce, "Aro ne ya jawo. Da ba a taɓa akwatina ba, da ta ga uwarta." Abu ɗaya ya canza: ya daina cire makullin ko a wanka.

Ciwon hanta ya kwantar da shi kafin Ahidjo ya sauka. Da ya ga ba tashi, ya sa 'yarsa Yvette ta kira dattawan coci. Sun zaci gafara zai nema. Pauline na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa.

"A motata za ku kai gawata gida, can dutse," ya ce. "Kafin ku tashi, ku kwance kowane ƙunshi ku gani da idonku, kada ku latsa kawai. Kada Léon ya tuƙa. In kun ga ganye a titi ku tsaya ku gaisa. Amma don Allah, kada ku buɗe wa kowa akwatin nan."