Ranar da na yi wa Baba tafinta

Mahaifina dillalin shanu ne a karar Illela, kuma da ana ba da lambar girma kan cin kitse, da rigarsa ta rasa wurin maƙala ta. Tozo da safe, man shanu a tuwo har tuwon ya koyi iyo, ga sigarin Ƙwanni ta ƙetaren boda yana busawa kamar tsohuwar motar roka a hawa. Ni ne ɗan farinsa, don haka sunana bai taɓa fita bakinsa ba. "Kai wanga" nake. In muka haɗu a zaure, shi ya dubi rufi, ni in dubi ƙasa, sai ka ce ɓarayi biyu sun gamu a rumbu guda.

A shekarun da soja suka rufe boda ne fitsari ya fara yi masa gardama. Ba shi ya faɗa ba, buta ce ta tona asiri. In ya zaga bayan gida sai ka rantse haya ya kama a ciki, ya fito yana gumi. Ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma kusa da takalma. Da ya fara ramewa, Inna ta ce rashin maiƙo ne, ta ƙara ludayi.

Ƙanena, wanda suke hira da dariya tare, ya tafi Kurmi da shanu. Dole ni na kai Baba asibiti Sakkwato. Likitan Ba'indiye ne, ko sannu bai iya ba. Ya sa aka ɗebi jini, da sakamako ya fito ya yi mini bayani. Wai maiƙon jini iri biyu ne, akwai mai share hanya, akwai mai toshe ta. Na Baba mai sharar ya yi ƙaura, kuma kitse da hayaƙi sun sa jikinsa na tsatsa ta ciki, kamar garwar da aka manta a ruwa. Amma abin da ya fi damunsa wata tsoka ce a ƙarƙashin mafitsara, wadda kan kumbura wa dattijai ta shaƙe hanya. Ya ce in tambaye shi.

Na durƙusa. "Baba, likita ya ce... yaya bawali?"

Baba ya ƙura wa fanka ido. "Ce mai lahiya lau."

"Ya ce in ka zaga, yana fita babu wahala?"

"Kai wanga, abin da anka koya maka boko ke nan? Ce mai ciwon baya nika yi."

Na juya na zayyana wa likita duk abin da buta ta gaya mini. Ya ce sai ya duba tsokar da yatsa ta dubura, a sa roba fitsarin ya fita, in ba haka ba ƙoda za ta lalace. Mai jin Hausa a ɗakin, ban da ni, wata nas ce sa'ar autarmu.

Ban kai ga fassara ba. Baba ya ga likita na zura safar hannu, ya ga ana nuna masa gado da tsakiyar rana, ga ɗan farinsa tsaye.

"Mi za shi yi da wagga?"

Ya gyara hularsa, ya yi wa Ba'indiyen godiya mai kyau, irin wadda yake wa mai sayen da ya taya masa bijimi da wulaƙanci, ya fita. Na bi shi har tasha ina "Baba, don Allah," yana tafe kamar ƙuda ke magana.

Na roƙi abokansa na kara su sa baki. Suka ce ai kowane tsoho haka yake, suka aiko da saiwoyi. Ƙafafunsa suka kumbura, bai ga damina ba.

Wurin zaman makoki kowa ya zauna sai ya ce, "Allah sarki, mutum mai kunya, har ya koma ba a ji ya yi kuka da ciwo ba." Ni ne babba, ni ke karɓar gaisuwa. Haka na wuni ina cewa amin.