Muryar Nomau a Bakin Iyaka

Cikin shekarun da na yi ina aikin kwastam na tsare buhunan gero, na tsare gangunan fetur, har raƙumi na taɓa tsarewa. Amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka ce in tsare magana.

A Jibiya ne, wajen tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai ya cika ƙasa, aka yi mana ƙarin albashi kowa ya sayi babur da rediyo. Ina mataimakin sufeto, wato ni ke buɗe kaya in duba, amma sakin kaya sai shugaban tasha ya sa hannu. Shugabanmu Mista Ojo ne, mutumin kudu, mai gaskiya, sai dai ba ya haɗa doka da wasa. Hausarsa kuwa ba ta wuce ta cefane ba.

Ranar kasuwa ce cikin bazara, rana ta take, sai ga wata farar Fijo daga ɓangaren Maraɗi. Babban mutanen da ke cikin motar ya ce sunansa Malam Isufu, malamin jami'a ne daga Yamai. Ƙungiyar masana harshe ce ta kira taro a wata jami'a nan Arewa, jibi za a buɗe, za a tattauna yadda Bahaushe ke magana a kan rai da kurwa da hankali. Na ce a raina lallai ƙasa ta ƙoshi, tunda har an fara tara manya ana ciyar da su don su nemo inda hankali yake zaune.

Na buɗe bayan mota, na tarar da akwatin ƙarfe cike da faya-fayan ɗaukar magana, irin na da masu zare a naɗe kamar ƙwarƙwaron masaƙa. Malam Isufu ya ce shekara da shekaru ya yi yana bin ƙauyuka yana ɗaukar muryoyin tsofaffi, su ne zai kunna wa taron.

"Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, mushe," in ji shi, don haka suke cewa yallaɓai a can. "Abin da ya rage nasu ke nan."

To ga inda gizo ke saƙar. Mulkin soja ake yi, kuma umarni ya zo cewa duk faifan magana da ya shigo daga waje sai an saurare shi kafin ya wuce. Abin da muka saba shi ne mu jefa shi sito, mu jira motar babban ofis, wadda sai ta ga dama take zuwa. Ku da kuka shigo aiki yanzu ba ku san sitonmu na da ba. Rufin kwano ne, ba taga. Kyandir muka taɓa tsarewa a ciki, da aka buɗe muka tarar ya zama dunƙule guda. Zaren nan in ya yi mako a can, ko igiyar shanya ba za a yi da shi ba.

Mista Ojo ya duba takardunsu, ya ce da Turanci mutanen su wuce, akwati ya tsaya. Malam Isufu ya cire tabarau, ya ce, "Don Allah ku tsare ni, ku bar akwatin ga shi wuce."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na bi Mista Ojo ofis, na ƙame, na ce, "Ranka ya daɗe, in buhu ya zo, ƙarfe muke soka masa mu ga abin da ke ciki, ba ma aika shi ko'ina. Wannan ma kaya ne. A bar ni in duba shi da kunne, nan take."

Ya ce, "Sani, in daga baya aka sami maganar siyasa a ciki, kakinka ne zai tafi. Ka yarda?"

Ina da iyali, ga sabon babur. Duk da haka na ce na yarda. Ya ce to a bainar jama'a za a kunna, kuma shi zai zaɓi faifan da hannunsa.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin bedi, wato dogon yaro, aka sa wa rikodar Malam Isufu batir. Kafin ka ce kwabo, direbobi da dillalan hatsi da masu fura sun kewaye mu. Faifan farko wata tsohuwa ce ke bayanin cewa kurwa takan fita yawo in mutum na barci, shi ya sa ba a tashinsa a firgice.

Wani direban tirela ya ce, "Kai, iya ta yi kure! Hankali ne ke hita, ba kurwa ba."

Malam Isufu ya manta da baƙin cikinsa, ya juya ya ce, "To maigida, in hankali ya hita, wa ke ganin mahwalkin?"

Nan musu ya kaure. Mai fura ta ce nata, dillali ya ce nasa, abokan tafiyar Malam Isufu suka zaro biro suna ta rubutu. Ni kuwa gumi nake yi, don na ga fuskar Mista Ojo ta sauya. Na fassara masa, ya girgiza kai ya ce, "Mutane ba sa hayaniya haka a kan barci. Akwai abin da kake ɓoye mini." Ya sa hannu can ƙasan akwati ya zaro wani faifan.

Murya ce ta tsoho, mai kaushi. Malam Isufu ya ce sunansa Nomau, manomi ne mai bin addinin gargajiya a wani ƙauye da ke tsallaken iyaka kaɗan, ya rasu da daminar bara. A cikin faifan aka tambaye shi mece ce zuciya.

Ya ce, "Zuciya ita ce wadda ba ta jin umurnin baki. Ka ga, ina da ƙane, Tanko, shina can wajen Bugaje. Da ya bi masu coci, ni da bakina na ce kar shi ƙara taka gidana. Baki ya hwaɗi, ya gama nashi. Amma duk kaka in na ɗaure gero, sai in ware dami guda in aje mashi cikin rumbu. To wa ya aje damin nan? Ba baki ba ne."

Sai muka ji an yi ƙara daga bayan taro. Wani tsoho da ya kawo gero kasuwa ya saki igiyar jakinsa, ya ratso mutane, ya durƙusa gaban rikodar nan.

"Yaya ne! Wallahi yaya ne! Ga ni, yaya, ni ne Tanko!"

Dillalai duk sun san shi. Ya ji rasuwar tun bara, amma bai je gaisuwa ba, don yana tsoron a kore shi. Wurin ya yi tsit, sai kukansa da ƙarar zare. Na fassara wa Mista Ojo. Sai ya cire hularsa. Duk da haka bai bar doka ba, sai da muka ɗanɗana sauran faya-fayan ɗaya bayan ɗaya har la'asar sakaliya. Sannan na rubuta an duba, ya sa hannu, na ɗaga sanda Fijo ta nufi Katsina.

Da Malam Isufu ya dawo daga taron ya tsaya ya gaishe mu. Ya ce da ya miƙe gaban masanan nan, ce musu ya yi sun makara, an riga an yi zaman farko a gindin bedi a Jibiya, kuma ɗan kwastam ne ya buɗe shi. Na sami yabo daga manya a rayuwata, amma babu wanda ya kumbura mini kai kamar wannan.

Saboda haka, samari, ku riƙe wannan. Tare hanya ba gwaninta ba ce, sanda ma tana tarewa. An sa mana kaki ne don mu duba, mu san abin da mutum ya ɗauko, ko da duban zai ci mana wuni.

Bayan kwanaki ina bakin sanda, na hango jaki daga ɓangaren Maraɗi da dami guda a bayansa, geron har ya yi duhu don daɗewa a rumbu. Tanko ne. Na tsayar da shi kamar yadda ƙa'ida ta ce, na tambaya, "Baba, me ka ɗauko?"

Ya dafa damin ya ce, "Nawa ne, ɗana. Yaya ya aje mani."

Na ɗaga masa sanda, na ƙame na sara masa har ya wuce.