Maganin Ranar Alhamis

Shekarar da yatsun Baba suka kumbura har ya kasa riƙe alƙalami, ni na kai shi asibiti a Zariya. Malami ne, a Paki yake karantar da Alƙur'ani tun kafin a haife ni. Ni kuwa ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma a Makarfi, sai ƙarshen mako nake zuwa gida.

Likitar da ta duba shi ta ce ciwon gaɓoɓi ne, ta rubuta wasu ƙananan ƙwayoyi. Baba kunnensa ya yi nauyi, don haka ni ta fuskanta. Ta ce, “Sau ɗaya a mako. Ka ji ni da kyau, ba kullum ba. Wanda ya sha shi kullum zai iya rasa ransa.” Ta sa na maimaita mata sau biyu.

Ranar Lahadi, kafin in koma bakin aiki, na zauna a zaure na karɓi ƙaramar wayarsa mai madannai don in saita masa ƙararrawa. Na zaɓi Alhamis, ƙarfe takwas na safe, tunda ranar ba a karatu, yana gida. Na shiga wurin maimaitawa, sunayen ranakun mako suka fito a jere da Turanci. Na gangara kan Alhamis na danna, na adana. Mai babur na jirana a ƙofar gida yana ta hon. Na miƙa wa Baba wayar, na ɗaga murya na ce, “Baba, kada ka wahalar da kanka da ƙirga kwanaki. Duk ranar da ka ji ta yi ƙara, ka sha.”

Laraba da hantsi ina ofis na kira shi mu gaisa. Bayan na tambayi jiki da mutanen gida, sai ya ce, “Alhamdu lillahi. Sai dai maganin nan naka yana da ƙarfi. Na yau da na sha, bakina duk ya yi zafi.”

Na ce, “Na yau? Baba, yau Laraba.”

“To, ai ta yi ƙara. Jiya ma ta yi, shekaranjiya ma.”

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce kada ya ƙara taɓa ƙwayoyin, kada ya fita ko'ina, ga ni nan zuwa. Na kira lambar da ke jikin katin asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauka. Da na gaya mata sunan maganin da kwana nawa ya sha, sai muryarta ta canja. Ta ce, “Yana zazzaɓi? Akwai gyambo a bakinsa? Kada ka tsaya nema masa wani abu a kemis. Ka kawo shi yanzu.”

Ranar kasuwa ce. Motocin hatsi da na rake sun cushe hanya, ko babur da ƙyar yake ratsawa. Na roƙi wani abokin aikina ya ara mini motarsa, ya miƙo makulli bai tambaye ni komai ba. Fita daga gari kaɗai ta ci mini kusan rabin awa. Ina tuƙi ina kiran Baba, wayar na shiga ba a ɗauka. Sau bakwai na kira. Duk abin da likitar nan ta faɗa yana ta dawo mini, har da yadda ta sa ni maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya.

Na same shi a zaure, a kan buzunsa, yana jan carbi. Wayar tana ɗaki, shi ya sa bai ji ba. Na durƙusa ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce ya buɗe baki in gani. Cikin leɓensa ya yi ja, da wasu fararen ƙuraje. Na ɗauko wayar na duba. Ashe a irin wayar, ranakun nan bakwai duk a zaɓe suke tun farko. Dannawar da na yi a kan Alhamis cire ta na yi. Na saita ƙararrawar ta yi ƙara kowace rana, ban da ranar da ake so.

A hanyar Zariya ya kishingiɗa a kujerar baya, ya ce jiri yake ji. Duk bayan ɗan lokaci sai in ce, “Baba?” ya ce, “Na'am,” in ci gaba da tuƙi. Da muka wuce mararrabar Kudan na kira bai amsa ba. Na taka birki har motar da ke bayana ta kusa hawa kaina. Ashe gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Aka ɗebi jininsa, aka sa masa ruwa, aka fara yi masa wata allura mai karya ƙarfin maganin. Likitar ta tambayi yadda aka yi. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, “Tsufa ne, 'yata. Ni na rikice.” Na ce a'a, na nuna mata wayar. Ta duba wayar, sannan ta ce da an kai mako ana haka, da labarin ya bambanta.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Bakinsa ya hana shi cin komai sai kunu, amma jinin ya daidaita. Kafin a sallame mu na sake saita ƙararrawar a gaban ma'aikaciyar jinyar, ta karɓa ta duba ranakun ɗaya bayan ɗaya. Sauran ƙwayoyin na tafi da su Makarfi. Da likita ta ce a ci gaba da maganin, duk Laraba da yamma nake aika masa na mako guda a ƙulle cikin takarda, ta hannun wani direba ɗan garinmu.

Yayata, wadda ke aure a Ikara, sai bayan wata biyu ta ji abin da ya faru, kuma daga bakina ta ji. Ta yi mini faɗa sosai. Baba na zaune yana ji, ya bari ta gama, sannan ya ce ta tashi ta dubo masa ko an sauke tuwo.