Sunan wa ke bisa takardar Matta?

Bashiru, sakataren ƙungiyar matan Galma, kai ka ɗauke sunan Matta. Na faɗi, kuma ban janyewa. Amma bari in fara gaya wa mutane ko wace ce ita, don su san abin da anka ɗauke.

Matta maƙwabciyata ce, katanga guda ta raba mu. Shekara ashirin da shida tana yin kyandir mai ƙamshi. Kullum da safe, in ta gama addu'arta ta Kirista ni na gama lazimina, sai in ji tukunyar kaki bisa wuta. Masu zuma na Deule ke kawo mata kakin, kuma ba ta saye sai ta ciza. In ya manne wa haƙori sai ta ce wa mai kawo shi, "Sha'aibu, ɗan'uwana, wanga da kitse ciki, maida wa rago abinai." Man kaɗe cokali guda take sawa, don in ya yi yawa kyandir na zuba tun ba a kunna ba, da zafin ga namu. Lagwani da hannunta take kitsa shi da abawa, zare uku na siriri, biyar na kakkaura. Ƙamshi kuwa kanumfari ne da ɓawon lemu, amma na mai jego da maras lafiya ba ta sa komi sai ɗan jema, ciyawar nan mai ƙamshi.

Da tari ya kama maigidana, hayaƙin kyandir na kanti ya hana shi numfashi. Matta ta yi lagwani huɗu tana kunnawa tana kashewa, sai da ta samu wanda ba ya baƙanta ko farin kwano. Matta, ke ce kinka zauna kwana biyu kan neman zare guda don tsohon da ba naki ba. Mai hannun zuma, Allah shi saka miki.

Bana idonta ya dushe, ta aje aiki. Ƙungiya ta kai kyandir ɗinta na ƙarshe baje kolin birnin Tawa, anka ba da takardar yabo mai hatimi. Bashiru ya kawo ta, ya ce ta kayanmu ce. Ni da kaina na kai ta ga mai gilashi, na buga ƙusa a ɗakin Matta na rataye. Ita ta iya karatu ba ta gani, ni ina gani ban yi lakwal ba, boko ke nan. Wata huɗu muna nuna wa baƙi. Sai da Lydia, ɗiyar ƙanwarta mai aikin likita, ta zo ta duba ta ce, "Inna, ai nan Bashiru anka rubuta."

Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Na tambaye shi, ya ce haka tsarin yake, wanda ya kai kaya shi ake rubutawa. To jakin da ya kai hatsi kasuwa shi ne manomi? Ko kuwa akwai abin da masu biro sunka sani da ba a gaya muna ba? Baƙin da sunka karanta sunka yi shiru fa, kunya ce ko mi? Matta dariya ta yi, ta ce, "Mairamu, bari, Allah ya san hannun." Allah ya sani, amma jikokinta takarda za su karanta.

Na gode miki, Matta. 'Yan mata, ku tai ku zauna kusa da ita tun haƙorinta na iya gane kaki.

Takardar tana nan rataye, na hana a taɓa. Bashiru, ran taron ƙungiya ka zo ka sauke ta da hannunka, ka karanta sunan da ƙarfi gaban Matta, kana ka gaya muna zare nawa ake kitsa wa lagwanin kakkaura.