Gurbi Ɗaya Zuwa Ƙasar Ƙanƙara

Da sunan Allah, wanda ya halicci zafi ya halicci sanyi, ya yanka wa kowane bawa rabonsa a cikinsu. Ni rabona zafi ne. Daga Kano na taso na zo Dubai, inda na daɗe ina tuƙa baƙi masu yawon buɗe ido zuwa cikin rairayi, wani lokaci kuma zuwa Hatta su ga duwatsu da madatsar ruwa. Ban taɓa jin an rage mini wani abu ba, sai shekarar da abokin ɗakina ya je ƙasar ƙanƙara ya dawo.

Mu uku ne a ɗakin, a wani tsohon bene a Deira, saman shagon masu kargo, kuma kamfani ɗaya muke yi wa aiki. Akwai ni. Akwai wani Kirista mutumin Filato da muke kira Injiniya, shi ke gyaran baburan rairayi masu ƙafa huɗu a garejinmu na Ras Al Khor. Na uku magidanci ne daga Zangon Kumasi, muna ce masa Ɗan Zango, aikinsa zuba wa baƙi gahawa da miƙa dabino a sansanin daji.

Mai kamfaninmu yana da wani aboki Bature da ke irin sana'armu a can ƙarshen arewacin duniya, inda rana kan ɓuya idan hunturunsu ya yi tsanani. Baturen ya nemi aron makanike na daminar ƙanƙara ɗaya, aka ba shi Injiniya. A lokacin tausayinsa na ji. Ni na raka shi kasuwa ya sayi riguna masu kauri, ina tsokanarsa cewa idan ya daskare su aiko mana da shi a kwantena, mu jingine shi a rana ya narke.

Ya dawo da leɓe a tsattsage, kumatu sun yi duhu. Al'adarmu ce duk Juma'a bayan an sauko masallaci 'yan'uwa su taru a ɗakinmu a ci shinkafa da miya, kuma tun da aka fara taron ni ke riƙe da hira. Ranar babu wanda ya dubi inda nake.

"Injiniya, yalla, ba mu labari," in ji wani dillalin kargo. "Yaya ƙasar?"

"Akwai sanyi."

"Mun sani. Sai me?"

Ya yi tunani. "Akwai duhu kuma."

Aka fashe da dariya, amma aka ƙara matsawa kusa da shi. Ya fito da waya ya nuna hoton sama, wani haske kore-kore a kan baƙi, wai haka yake fitowa a samansu da dare. Na ce wannan ai kamar an shafa wa wayar miyar kuka ne. Ba wanda ya taya ni dariya. Wayar ta zagaya hannu zuwa hannu, kowa yana salati, ta zo kaina na daɗe ina kallo fiye da kowa. Mutumin da bai iya haɗa jimla uku ba, shi Allah ya nuna wa wannan, ni kuwa da na yi karatun allo, na iya ajami tun ban san boko ba, na haddace ayoyin da ke cewa a dubi sama a yi tunani, ban ga komai ba sai fitilun dogayen benaye.

Ana wanke hannu Injiniya ya jefo maganar da ta hana ni sukuni watanni. Ya ce Baturen ya ce ya dawo baɗi, ya zo da mutum ɗaya da ya yarda da shi, wanda zai riƙa bin bayan ayarin baburan ƙanƙara da ake yawo da baƙi a kansu. Mutum ɗaya. Na dubi ɗakin, ban ga wanda ya kai ni cancanta ba. Na iya tuƙi, na san halin baƙi, ina da Turancin da zai fisshe ni da Larabci shwaiya, wato ɗan kaɗan, kuma gado da gado muke kwana da shi.

Daga ranar na fara tatsar labarin a bakinsa, kamar mai tatsar akuyar da ba ta da nono. Idan na haɗa shayi da safe sai in zuba masa, in yi tambaya ɗaya. A haka na san cewa babur ɗin ba shi da taya, wasu alluna biyu ne a gaba da yake zamiya a kansu, a baya kuma bel irin na katafila. Na san cewa hannun babur ɗin yana ɗumi da kansa, don kada yatsu su mutu. Na san ana sa wa baƙi riga ɗaya daga wuya har idon sawu, da hular kwano, da takalma kamar na masu aikin kwalta, a jera su a layi, ja-gaba yana gaba, kowa ya bi sawun fitilar wanda ke gabansa, kuma haramun ne wani ya wuce wani. Suna ratsa daji mai dogayen itatuwa da ƙanƙara ta lanƙwasa wa rassa, su hau kan tafkin da ya daskare har mota na iya bi. Na bayan ayari shi ke jan wani akwati mai barguna da fulas, shi ke tsayawa idan wani ya kife ko ya maƙale. Wani lokaci barewar ƙasar, mai ƙaho kamar reshen busasshiyar bishiya, takan tsaya a tsakiyar hanya ta ƙi matsawa.

Duk wannan na tara, na jera shi a kaina, na yi masa ado. Wata Lahadi 'yar Injiniya ta kira shi ta bidiyo daga gida, ta ce malamarsu ta ce ta kawo labarin inda babanta ya je. Ya ce mata akwai sanyi. Ta ce, "Baba, wannan ka faɗa tun tuni." Sai ya miƙo mini wayar.

"Malam, don Allah faɗa mata. Kai ka iya."

Na gyara zama na faɗa mata. Na ce mata numfashin mutum yakan zama gari a gemunsa. Na ce mata fitilun ayarin kamar carbi ne da aka shimfiɗa a kan farin zane. Na ce mata hasken yakan sauko kamar labule, iska tana kaɗa shi, kore a ƙasa, ja-ja a sama. Yarinyar ta buɗe baki, uwarta ta leƙo ta tsaya, shi kansa Injiniya ya ce, "Kai, Malam, kamar tare muka je." Ranar na kwanta da yaƙinin cewa gurbin nawa ne.

Na shiga shiri ba tare da na faɗa wa kowa ba. Ina ƙure na'urar sanyin mota idan ba baƙi, in tuƙa da singileti. Akwai wani mai sayar da kifi da muke salla tare, na roƙe shi ya riƙa barina in shiga ɗakin sanyinsa in ɗan tsaya. Ɗan Zango ya ji ƙarnin a rigata.

"Malam, chale, ka koma sana'ar kifi ne?" in ji shi. Chale ɗin nan kalmarsu ce ta Kumasi, wato aboki.

"Ziyara na kai."

"Wa kifin?"

Na daina ƙorafin waƙoƙin cocin da Injiniya ke kunnawa da safiyar Lahadi. Na daina yi masa faɗa a kan safar da yake shanyawa a ƙarfen gadona. Amma wani abu ya fara ci mini rai. Da yamma, idan zafi ya ɗan sauka, sai in tarar da su biyu a kan matakalar bene, Injiniya da Ɗan Zango, kowa da kofinsa, ba mai cewa uffan. Su daɗe a haka suna kallon masu turin kaya. Idan na zauna na kawo hira, sai su yi murmushi su saurara, ba a jima ba ɗaya ya tashi. Na tambayi kaina me suke tattaunawa idan ba na nan. Na laɓe sau da yawa a bayan ƙofa. Wallahi ba sa cewa komai, kuma wannan ya fi ba ni haushi.

Da zafi ya fara ja baya, na kai motata gareji a canza mai. Injiniya yana kwance a ƙarƙashinta, ƙafafunsa kawai nake gani. Daga can ya yi magana.

"Malam, na ba da sunan Ɗan Zango."

Na yi kamar ban ji ba, saboda ƙarar injin walda. Ya turo kansa waje, ya zauna, yana goge hannu da tsumma.

"Ka ji ni?"

"Na ji. Allah ya sa alheri." Na so in bar maganar a nan, na kasa. "Injiniya, mutumin nan ko keke ban taɓa ganin ya hau ba."

"Zai koya. Yara ma suna tuƙa shi."

"To me na rasa? Tuƙi ne ban iya ba, ko baƙi ne ban sani ba?"

Ya daɗe yana murza tsumman. "Akwai abin da ban faɗa maka ba, don ba ka tambaya ba. Idan aka kai tsakiyar tafkin, ja-gaba yakan ɗaga hannu, kowa ya kashe injin, a kashe fitila. Daga nan ba a magana. Abin da suka zo nema ke nan, har ya fi hasken, don hasken ba kullum yake fitowa ba. Na baya zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya zuba musu abin sha mai zafi, ya rufa wa mai rawar sanyi bargo, bai ce komai ba. Wanda ya yi aikin bara an sallame shi don yana yi wa baƙi bayani."

"To ni ba zan iya yin shiru ba ne?"

Ya dube ni, da tausayi a idonsa, ni kuwa gara a ce zagina ya yi.

"Malam, tsakaninka da Allah. Sama ta buɗe, kore ya sauko, mutum goma suna tsaye ba su san ayar da ta yi magana a kai ba. Za ka bar su?"

Na buɗe baki in rantse, sai na tuna rantsuwa da Allah ba abin wasa ba ce. Na rufe.

"Ka gani," in ji shi, ya koma ƙarƙashin mota. "Ɗan Zango shekara nawa yana zuba gahawa, ko sunansa baƙi ba su sani ba. Khalas, magana ta ƙare. Kada ka riƙe ni a zuci, Malam."

Malamanmu sun raba abu biyu. Akwai hassada, wato ka so ni'ima ta bar ɗan'uwanka. Akwai kuma ka so irin abin da aka ba shi ba tare da an karɓe nasa ba, wannan ba laifi. Na yi ta gaya wa kaina cewa nawa na biyun ne. Sai dai gurbin ɗaya ne, kuma ban ga yadda zan same shi ba tare da ya bar hannun Ɗan Zango ba. Ina kallonsa yana gwada takalman ƙanƙara a tsakiyar ɗaki, yana taku kamar agwagwa, 'yan Juma'a suna kiransa Sarkin Sanyi tun bai je ba. Ina kallonsa yana koyon babur a filin bayan gareji, yana kifewa, in ji wani sanyi a raina, in yi istigfari, ya sake kifewa in sake ji.

Ana sauran kwanaki su tafi, na dawo daga Hatta na tarar da Ɗan Zango zaune a bakin gadona, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Malam, ina da tambaya. Injiniya ya ce rana ba ya fitowa a can. To yaya zan yi da salla? Azahar ina, magariba ina? Shi bai sani ba, ya ce in tambaye ka."

Na zauna. Wannan tambaya ni na tanadi amsarta tun watanni, don kaina na tanade ta. Na bi malamai biyu a kanta, na duba abin da zan iya dubawa. Zuciyata ta ce in ce masa ya tambayi wanda ya zaɓe shi. Amma ilimi ba nawa ba ne da zan rufe, kuma salla ce.

Na ce masa malamai sun ce ya ƙaddara lokaci, ya bi garin da ya fi kusa da su inda dare da rana suke rabuwa, wasu kuma sun ce ya bi lokacin Makka, ya ɗauki ɗaya ya tsaya a kai. Na ce masa ya yi alwala a ɗaki kafin ya fita, kada ya kuskura ya taɓa ruwa a waje. Na koya masa shafa a kan huffi. Ya ce ba shi da huffi. Na jawo akwatina na ciro nawa, na fata, sabo, wanda na saya na ɓoye ban taɓa sawa ba. Na riƙe shi ɗan lokaci kafin in sake.

"Malam, wannan ai sabo ne. Wa ka saya wa?"

"Gwada ka gani."

Ya sa, ya yi masa daidai, kamar an auna ƙafarsa. Ko wannan sai da ya sosa mini rai.

"Me zan kawo maka?" ya tambaya.

"Kada ka kawo mini hoto, na ga irin hotunanku. Idan abin ya fito, ka yi tasbihi ɗaya da niyyata. A zuci, tunda an hana magana."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce inshallah. Ni ban taya shi dariyar ba. Washegari ina da baƙi shida zuwa rairayi, na tashi na je na duba iskar tayoyi.